Garin da Aka Shafe da Man Katako

A unguwar da ke bayan tashar manyan motoci ta Ƙaura Namoda, in ka ce kana neman Lauratu sai a yi ta kallonka. Amma ka ce Inna Laure mai ƙuli-ƙuli, matar marigayi Gado mai fenti, kafin ka rufe baki an nuna maka ƙofar. 'Yar siririyar tsohuwa ce, ta haura sittin, ba ta da yawan magana, kuma a shekara tara da ta yi a unguwar ba wanda ya taɓa jin kanta da wani. Shi ya sa ranar da aka jiyo muryarta tun daga zauren ƙungiyar 'yan garinsu har bakin titi, masu shayi suka bar tukwanensu a wuta suka fito kallo. Kuma wallahi da gaskiyarta. Abin da aka yi mata, ko mai haƙurin duniya aka yi wa sai ya tanka.

An haife ta a Tungar Kyauta, wani ƙauye a ƙasar Zurmi, can wajen hanyar Shinkafi. Gida arba'in da 'yan kai ne, rijiya biyu, masallaci ɗaya. Uwarta ce ke yi wa ɗakunan amare ado da farar ƙasa da jar ƙasa, tana kuma zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi. Tun Lauratu ba ta isa ɗaukar tulu ba take zama gefen uwar tana riƙe mata kasko, to a nan hannunta ya koyi nutsuwa. Da ta isa aure ita da bakinta ta ce Gado take so, aka yi ta yi mata dariya, wai ta rasa wanda za ta zaɓa sai mai warin kananzir.

Shi Gado manomi ne da damina. Da an kai amfani gida sai ya ɗauki jakar buroshinsa ya nufi Ƙaura, inda yake zana wa manyan motoci bodinsu na katako: zaki, dawisu, jirgin sama, kogi da itatuwan dabino. Ƙananan alluna kuwa gida yake zuwa da su. Da wanke buroshi Lauratu ta fara, ta koma haɗa kala, har ta kai in ta kalli gwangwani ta san ko fentin ya yi kauri ba sai ta motsa shi ba. Da hannun Gado ya fara rawa, gashin wuyan zaki da idon dawisu duk suka koma nata. Direbobi su yi ta yabon hannun Gado, shi kuma ya dawo gida ya ba ta labari suna dariya. Abin bai taɓa damunta ba. Shekara talatin da huɗu suka yi a haka cikin gida ɗaya.

Sai 'yan bindiga suka sa ƙauyen a gaba. Yau a kore shanu, gobe a ɗauki mutum, jibi a aiko kada kowa ya shiga gona. Ranar da suka cinna wa rumbuna wuta gari ya watse, wasu suka yi Zurmi, wasu Shinkafi, mafi yawa suka faɗo Ƙaura da abin da kansu ya iya ɗauka. Har yau ba wanda ya koma. Masu bin hanyar sun ce ciyawa ta fi mutum tsawo a inda masallacin yake.

A damina ta biyu da zuwansu, ga ruwa na zuba ga Gado zaune babu gonar da zai shiga, sai ya sayo farin yadi mai kauri, ya ɗaure shi tamau a kan katako huɗu, girmansa ya kai ƙyauren ɗaki. Ya ce zai zana garin. Bai sa mutum ko ɗaya ba, don shi bai taɓa zana ɗan Adam ba, amma kowane gida ya ba shi alamarsa: wannan turken jaki, wancan jan ƙyaure, wancan dangar da ta karkace tun zamanin kakanni. Labari ya bazu, 'yan Tunga suka riƙa zuwa gyara. Wani ya ce rumbunsa uku ne ba biyu ba. Wata ta ce don Allah a matsar da rijiya, ba ta kai haka kusa da gidan liman ba. Lauratu ce ta yi ganyen itatuwa da jinkar ɗakuna, tsinke-tsinke. Wata huɗu suka yi. Da ya bushe sarai, Gado ya bi shi da man ƙyalli siriri, shafa ɗaya tak, wanda in ba an gaya maka ba ba za ka san yana nan ba. Nasu gidan ya faɗo a can ƙasan kusurwar hagu, don a gefen gari yake.

Shekara na zagayowa Allah Ya yi wa Gado rasuwa. Zanen ya zauna a ɗakin Lauratu, sai dai ɗakin ya yi kaɗan. Mata na zuwa da 'ya'yan da aka haifa a Ƙaura su ɗora musu yatsa a kan gidan ubansu, tsofaffi na zuwa su zauna su kalla su tashi. Ganin haka ta yarda aka rataye shi a zauren da ƙungiyar 'yan Tunga ta kama. Sharaɗi uku ta kafa: kada rana ta taɓa shi, kada ruwa, kada hannu. Aka ce an ji. Garin nan fa ba shi da sauran wuri a duniya sai a kan yadin nan, kowa ya san haka.

Shugaban ƙungiyar shi ne Alhaji Yari, dillalin hatsi a Kasuwar Daji. Ba mugu ba ne, a'a, amma mutum ne da Allah Ya jarrabe shi da son ƙyalli. Takalminsa na sheƙi, motarsa na sheƙi, haƙorin Makka na sheƙi, har teburinsa, wanda ya sa aka jingina da bangon zanen ya rufe ƙasansa, sai ka ga fuskarka a kai. Da kakar bara aka ce wasu baƙi za su zo daga Gusau ranar Alhamis su ga halin da 'yan gudun hijira ke ciki. Alhaji ya ɗaga kai ya kalli zanen ya ce ya dushe, ba ya ɗaukar ido, abin kunya ne a nuna wa manya. Bai aika wa Lauratu ba. Ina, me tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta sani? Sai ya kira Zayyanu kafinta, magidanci mai 'ya'ya huɗu wanda ya iya gado da kujera, ya ce ya shafa masa irin man da yake shafa wa ƙofofi.

To shi Zayyanu abin da ya sani ya yi. Banish ya ɗauko, man ƙyallin katako, kuma ba farin ba, mai ruwan ƙasa wanda ake yaudarar mai saye da shi farin katako ya koma kamar maɗaci. Ya sa buroshi mai faɗin tafin hannu ya lafta, bai jira ya sha iska ba ya ƙara, ya sake ƙarawa. Shafa uku a yini ɗaya. Sannan ya jingina shi a tsaye cikin rana bayan rumfarsa, daidai inda mata ke sheƙar gero.

Saliha, maƙwabciyar Lauratu tun a Tunga, ita ta zo da labarin ranar Litinin da hantsi. Ba ta iya bayani ba, cewa kawai ta yi ta sako mayafi ta zo ta gani. Lauratu ta bar gyaɗa a kan wuta ta bi ta.

An riga an mayar da shi bango. Da farko ba ta gane shi ba. Garin ya koma launin ruwan shayi, man ya zubo layi-layi ya daskare, wani wuri ya yamutse kamar saman kunun da ya huce. Ƙaiƙayi ya manne ko'ina, ga ƙudaje sun mutu a filin masallaci, ga shatin yatsu biyar a kan rijiya. Amma fa yana sheƙi, wannan kam ba a ƙi ba. Alhaji na zaune a ƙarƙashinsa yana amsa waya, bakinsa har kunne.

"Yari," in ji ta, ba ta ko ce Alhaji ba, "mi kunka yi ma garin?"

Ya ce gyara ne, Inna Laure, baƙi za su zo. Nan fa ta buɗe masa wuta. Ta tuna masa sharaɗinta uku ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaye shi ko ƙofar bayan gida ce aka ba shi ajiya. Ta ce ita ta yi wa uwarsa wankan jegonsa, ta san shi tun yana yawo babu wando, bai isa ya taɓa aikin marigayi bai tambaye ta ba. Ta ce waɗancan na daji aƙalla ba su taɓa cewa gyara suke yi ba. Alhaji ya yi tsuru-tsuru, ya ce zanen ai na ƙungiya ne yanzu. Ta ce ya kawo wanda ya ji ranar da ta ba shi kyauta. Zaure ya cika, ba wanda ya ɗaga hannu.

Ta san abin da su ba su sani ba: man bai gama kamawa ba. Kwana biyu ke nan, cikinsa da sauran laushi. In ya yi sati biyu a haka zai zama ƙashi, ya riƙe fentin ƙasa, daga nan ba mai raba su sai dai a ɓare su tare. Don haka ba ta tsaya ja-in-ja ba. Ta kama gefe ɗaya, Saliha ta kama ɗaya, suka ɗora shi a ka a kwance kamar ƙyaure, suka ratsa tasha da shi 'yan kamasho na ba su hanya.

A rumfar tsakar gida ta shimfiɗa shi, cikin inuwa, a kan buhuna. Ta ciro jakar Gado da ba ta buɗe ba tun rasuwarsa. Ta aika aka sayo auduga, da kananzir, da 'yar kwalbar tina, ruwan nan mai kaifi da masu fenti ke tsinka fenti da shi. Kananzir kaɗai ba ya motsa man, tina kaɗai kuma cin fentin zai yi har yadi, sai an haɗa, kuma a hannu ake jin daidai ɗin. Ta gwada a can saman gefe inda sararin sama ne kawai, sau biyar tana sake haɗi kafin ta yarda. Sai ta naɗa auduga a kan tsinken tsintsiya, ta tsoma, ta matse, ta mirgina shi a hankali a wuri kamar faɗin farce. Ba a gogawa, mirginawa ake yi. Kowane mirgine sai ta ɗaga ta duba audugar. In ta fito ruwan ƙasa, man kafinta ne, a ci gaba. In ta ga ɗigon shuɗi ko kore, to ta taɓa aikin Gado, sai ta ɗauke hannu ta bar wurin ya huta. Ƙaiƙayin kuwa da bakin allura ta riƙa ɗaga shi ɗaya-ɗaya.

Abin da mutum ɗaya ya ɓata kafin azahar, shi ta duƙa a kai kwana goma sha uku. Sana'arta ta tsaya. Warin tina ya riƙa sara mata kai har sai ta sha nono ta kwanta jim kaɗan, idanunta suka yi ja, fatar yatsunta ta tsage. Tana yi tana faɗa ita kaɗai, wani lokaci da Yari, wani lokaci da Zayyanu, wani lokaci da kanta da ta yarda da maza a kan abin da ba su san zafinsa ba.

Ranar Alhamis Alhaji ya aiko a ba da zanen ko na awa ɗaya ne. Ta ce a gaya masa ba ta gida, alhali ɗan aiken na kallonta. Daga baya ta ji abin da ya gaya wa baƙin da suka tarar da bango fayau: wai an kai shi Kano wajen ƙwararru. Ƙwararru! Ƙwararriyar na nan bayan tasha a kan tabarma, bayanta ya ƙage, ko sannu bai aiko mata ba.

Amma garin ya riƙa fitowa. Masallaci ya fara bayyana da farinsa, sai rijiyar gabas, sai jan ƙyauren gidan su Hafsat mai koko, wadda da ta gani ta zauna daɓas ta rufe fuska da mayafi. Man Gado na asali, siririn nan, shi ya tsaya tsakanin fentin da ɓarnar, duk inda ta kai gare shi sai ta ji tsinken ya yi santsi, ta san ta iso. Kullum da la'asar 'yan Tunga na zuwa duba ko an kai gidansu. Wanda aka kai nasa ya yi ta sa mata albarka, wanda ba a kai ba ya ce saura nawa. Zuciyarta ta fara sanyi, har takan yi 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

Zayyanu ma yana zuwa. Ya kawo auduga, ya tsuguna nesa, ya yi ta ba da haƙuri. Tun tana ƙyale shi har ta fara amsa gaisuwarsa. Abu ɗaya ne ta lura: idonsa ba ya barin kusurwar ƙasa ta hagu, inda man ya fi ko'ina kauri da duhu, har ba a ganin abin da ke ciki. Ita ta bar wurin ne sai ƙarshe, don gidanta ne, ta ce a fara fitar da na mutane. Sau biyu yana cewa ai wannan gefen da ta bar shi haka, ta huta. Ta ɗauka tausayi ne.

Rana ta goma sha uku ta kai wurin. Ta mirgina tsinke, auduga ta fito baƙi-baƙi. Ta sake, ta sake. Tana jiran santsin nan, sai ta ji kaushi. Ta sauya auduga ta bi a hankali, sai ga zaren yadi, fari fat. Ta matsa gaba kaɗan, yadi. Ta matsa gefe, yadi. Ba ta tsaya ba sai da ta buɗe wurin duka: gurbi ne kamar faɗin tafin hannu biyu, an kankare shi tas, babu ɗaki, babu danga, babu komai.

Zayyanu bai jira ta tambaya ba. Ya ce tun shafar farko man ya gangaro ya taru a nan, leda ta zo ta manne. Ya sa fetur da tsumma ya dirje, da ya ga bai fita ba ya bi da samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako, sai ya ga fenti na biyo hannunsa. Tsoro ya kama shi ya ruga ya gaya wa Alhaji. Alhaji ya zo ya duba ya ce ya ƙara mai mai duhu ya rufe, ai tebur zai tare wurin, ba mai gani.

Wato Alhaji ya sani. Ranar da take tsaye gabansa tana faɗa ya sani, kwana goma sha ukun nan da take duƙe ya sani, ya bar ta tana tono gidajen mutane tana ɗokin isa nata. Wannan ya fi ɓarnar ƙona mata rai. Ta aika a kira shi, kuma a wannan karon ya zo, da babbar riga da ƙamshin turare. Ya leƙa farin gurbin, ya gyara hula, ya ce kuskure ne, ɗan Adam ajizi ne. Sannan ya ƙara da abin da ya ɗauka lallashi ne.

"Inna Laure, ai abin ya zo da sauƙi tunda naki na. Ke kin san gidanki. Ki maida shi, wa za ya gane?"

"Tashi ka fita min gida," in ji ta, a hankali. Ya fita.

Aka bi wayoyin mutane ko akwai hoton wurin. Kowa gidansu ya ɗauka. Waɗanda suka ɗauki zanen gaba ɗaya kuwa, teburin Alhaji ne a kusurwar, yana sheƙi.

Duk da haka ba ta karaya ba, don a ranta ta ce maganarsa ɗaya gaskiya ce, ta san gidanta. Ta shafe gurbin da farin fenti ta bar shi ya bushe. Ranar da ya bushe ta tashi da sassafe, ta haɗa kalar jinka da ta ƙasa da koren ganye, ta zaɓi buroshi mafi siriri. Ɗaki uku, rumbu biyu, turmi, da itacen aduwa, duk ta lissafa su ba gargada. Ta ɗaga hannu za ta fara da aduwar, sai hannun ya tsaya. In ka shigo daga ƙofa, tana dama da rumbu ne ko hagu? Ta rufe ido ta shiga gidan. Ta ji ƙamshin hayaƙin murhu, ta ji dutsen nan na bakin ƙofa da take tuntuɓe da shi. Ta ga aduwar a dama. Ta sake shiga, ta gan ta a hagu. Ƙyauren ma, da hannunta ta yi masa fenti ya fi sau goma, amma na ƙarshe kore ne ko shuɗi?

Ta kira Saliha, wadda ƙofarsu ke kallon juna shekara talatin. Saliha ta ce hagu, ko shakka babu. Mijin Saliha ya ce dama, shi da ya sha ɗaure jakinsa a gindinta. Hafsat mai koko ta ce ita a saninta ma magarya ce.

Lauratu ta zauna da buroshi a hannu har fentin bakinsa ya bushe. Sai a lokacin ta gane cewa tun da suka gama zanen ta daina riƙon gidan a kanta, ta bar wa yadin ya riƙe mata, ta saki jiki. Ta yi kuka ranar, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da suka baro garin, kukan baƙin ciki da haushi a haɗe. Ta ce ba za ta zana ƙarya a cikin aikin marigayi ba, gidan da ba ta tabbata ba ba gidanta ba ne.

Zanen yana ɗakinta yanzu, ƙungiya ta aiko sau uku ta ce ba inda za shi. Gidaje arba'in da 'yan kai sun fito tas, kowa na zuwa ya ga nasa. Ta koma suyar ƙuli-ƙulinta. Kalolin nan uku suna nan a gwangwani ta rufe su da leda, takan buɗe lokaci-lokaci ta ɗiga kananzir don kada su daskare. Kullum in ta idar da sallar asuba takan juya ta zauna gaban farin gurbin, ta rufe ido, ta shiga ta ƙofar. Har yau aduwar ba ta tsaya wuri ɗaya ba.